Allura da Ƙanensa Malam Birki

Babana mai ɗinkin kujerun mota ne. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan sana'a a shago ɗaya, a layin masu sayar da kayan gyaran mota, tsakanin mai walda da mai gyaran fitilu. A layin ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Allura suke ce masa, saboda siriri ne dogo, kuma in ya kalli ɗinkin wani sai ya gano inda zare ya karkace, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shagon nasa ƙarami ne. Akwai baƙin keken ɗinki a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, da teburin yanka da alli ya cinye fuskarsa, da soso jibge har rufi. Almakashinsa a ɗaure yake da igiya a ƙafar tebur don kada maƙwabta su ara su yanka waya da shi. Warin gam kuwa har gida yake biyo shi, har cikin matashin kansa.

Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, shekara huɗu ce tsakaninsu. Shi koyar da tuƙi yake yi. Gajere ne mai tumbi, muryarsa kamar an sa masa lasifika a wuya. Duk unguwa Malam Birki ake ce masa, don tun daga nesa ake jin ihunsa a cikin mota yana ce wa ɗalibi, "Birki! Birki! Na ce birki, ba salati ba!" Babana kaɗai ke kiransa Auta.

Kakarmu ta sha ba mu labarin yarintarsu. In an yi baƙi, babana ne ke share tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa bai zubar da ko ɗigo ba. Auta kuwa sai ya shigo da ƙafa duk taɓo ya faɗi wata shirme, baƙi su yi ta dariya, in za su tafi shi suke shafa wa kai. Tana ba da labarin tana dariya. Babana bai taɓa taya ta ba.

Yana da shekara arba'in da biyar ya ga motar. A bayan wani gidan biredi da ya rufe take, mai ƙofa biyu, ta girmi aurensa da Mama nesa ba kusa ba, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ya sa aka jawo ta har ƙofar gidanmu. Shekara shida yana gyaran ta. Injin da fenti wasu ya kai wa, ya tsaya a kansu har suka gaji da shi. Cikin motar kuwa da hannunsa ya yi: fata ruwan madara, ɗinki layi biyu a jere, tazarar kowane ɗinki daidai da na kusa da shi. Kujerar direba sau uku yana farke ta saboda wani ɗan lanƙwasa da shi kaɗai yake gani. Aka yi mata fenti kore mai duhu. Ranar da ta fara tashi, Mama ta ce rabon da ta ga haƙoransa a waje haka tun ranar da aka haifi yayana.

A lokacin akwai wasu mutane da ke haɗuwa ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a filin ajiye motoci na wata masaƙa da ta daina aiki. Masu son tsofaffin motoci ne: wani likitan haƙori, wani tsohon direban motar asibiti, makanikai biyu, wata malamar makaranta da ta gaji motar mijinta. Da hantsi suke zuwa, su buɗe bonet, su zauna a inuwar katanga da filas ɗin shayi, wannan ya ce yana neman madubin gefe, wancan ya ce ya san inda za a samu. Baba Ƙarami ne ya fara zuwa, shi ya ja yayansa.

"Yaya, ka kawo amaryar nan taka mutane su gani. Ko a ɗaki za ka kulle ta?"

Shi da tsohuwar motar koyarwarsa yake zuwa, wata doguwa mai but ɗin kaya a buɗe, wadda ta daina aiki da ɗalibai ya ƙi sayarwa. Asalin launinta fari ne. Ƙofa ɗaya shuɗiya ce, don daga wata motar aka ciro ta. Ba inda za ka ɗora tafin hannu a jikinta ba ka taɓa loɓawa ba. Shi da bakinsa ya raɗa mata Gwangwani.

Shekara biyun farko babana ya ji daɗin wurin nan, ban da shakka. Yakan dawo yana ba Mama labarin abin da likita ya ce game da kujerunsa. Aiki ma ya ƙaru masa. Sannan taron ya girma. Motoci shida suka zama talatin, masu kallo suka fara zuwa da iyalansu, wani mai sayar da tayoyi ya ce zai riƙa ba da kofi sau ɗaya a shekara ga motar da ta fi kowace. Aka kafa kwamiti, aka samo alƙalai uku masu takarda da biro, ɗayansu har da ɗan madubi a kan sanda da yake leƙa ƙarƙashin mota da shi.

Babana ya ci kofin shekarar farko. Ya ci na biyu. Na uku ma shi ya ci. Ya sa kafinta ya yi masa ɗan kanta a falo ya jera su, Mama tana goge su duk Juma'a.

To, sai dai tun ranar kofin farko wani abu ya fara ci masa rai. Ina wurin, don lokacin na fara aiki a kantin magani, ranar ina hutu. Aka kira sunansa, aka tafa, ya karɓi kofi, aka ɗauki hoto. Kafin ya koma wurin motarsa mutane sun watse. Ya tsaya da kofi a hannu yana neman inda suka yi. Suna can ƙarshen fili, sun kewaye Gwangwani, Baba Ƙarami yana tsaye a kan bamba yana nuna wata loɓawa a ƙofar baya.

"Wannan ta matar wani alƙali ce. Na ce Hajiya, ki duba madubi. Ta duba, ta gyara ɗankwali, ta taka mai. Sai ga mu a cikin shagon mai kankana!"

Wurin ya kaure da dariya. Ya matsa ga ta gaba. Kowace loɓawa da mai ita, da ranarta, da abin da aka ce. Wani ɗalibi da ya saki sitiyari ya rufe ido da hannu biyu da ya ga tanka. Wani tsoho da ya koyi tafiya da baya tsaf amma gaba ta gagare shi. Yara suna hawa but suna sauka, wata mata ta zauna a kujerar direba mijinta yana ɗaukar ta hoto, wani ya ɗora kofin shayinsa a kan rufin motar. Ba wanda ya hana kowa komai.

Motar babana kuwa igiya ya kewaye ta da ita a kan sanduna huɗu, tun ranar da wani yaro ya manna hannu mai maiƙo a gilashinta. Mutane sukan zo su tsaya a bayan igiyar, hannu a baya, su ce, "Kai, masha Allah," su wuce. Minti ɗaya, in ya yi yawa biyu. Shi yana tsaye a gefe da tsumma a kafaɗa.

A hanyar gida, da muka kusa kwanarmu, ya dubo ni.

"Shekara shida," ya ce. "Shi kuwa abin da ya yi kawai, ya bar mutane sun lalata masa mota."

Daga nan abin ya zama ciwo. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ya dawo da sabon ƙorafi. Yau Auta ya cika surutu, gobe Auta yana zubar musu da mutunci, jibi labarin matar alƙalin ma ƙarya ne, don bara mai lemo ya ce, bana ya koma mai kankana. Mama takan ce, "Malam, in abin yana ɓata maka rai ka daina sauraro mana." Ba ya iya dainawa. Ko yana ina a filin, kunnensa yana wurin Gwangwani. Na sha ganin wani yana yaba masa ɗinki, shi kuwa idonsa yana can, yana ƙirga kawunan da suka taru.

Ya gwada dabaru. Wata rana ya ajiye motarsa dab da ta ƙanensa, wai ko taron zai malalo. Ya malalo ɗin, amma bayansu suka ba shi, har wani ya jingina da sandar igiyarsa ya kayar da ita. Wata rana kuma ya yanke shawarar shi ma zai ba da labari. Ya tara mutum biyar ya fara yi musu bayanin yadda ya samo fatar kujerun, da yadda ake jiƙa ta kafin a ja, da lambar allurar da ta dace. Gaskiya ne duk abin da ya faɗa, kuma ilimi ne. Kafin ya kai kan zare saura likitan haƙori kaɗai, shi ma don kunya.

Na tambaye shi ranar, "Baba, kofin kake so ko mutanen?"

Ya harare ni. "Wa ya ce miki ina son mutane? Ni dai a ba kowa abin da ya cancanta."

Abin da ya fi ƙona shi ya faru ne shekarar kofi na uku. Kakarmu ta ce ita ma sai ta je ta ga wannan wuri da 'ya'yanta suke ɓata Asabar a cikinsa. Babana ya wuni ranar Juma'a yana goge mota, ya sayo ɗan matashi don bayanta. Da safe ya tsaya a ƙofar gidanta ya buɗe mata ƙofa da kansa. Ta leƙa ciki, ta ga fatar nan fara tas, ta dubi ƙafafunta, ta dubi robar man zafin da ke hannunta.

"A'a, wannan ta fi ƙarfina. Kar in ɓata maka. Bari Auta ya zo in shiga tasa, ita ko na zubar da abu ba wanda zai sani."

"Inna, don ku na gyara ta. Ku shiga, ba komai."

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan sake ba a ciki."

Haka ya bi bayan Gwangwani har filin, shi kaɗai a mota da ɗan matashinsa, yana hango kan mahaifiyarsa ta gilashin baya tana ta ƙyaƙyata dariya. Da suka isa, har Mama, wadda ta riga su zuwa, sai da ya hango a cikin taron can, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Kwana biyu bai ci abincinta da daɗi ba.

Wata biyu bayan haka ya yi abin da har yau ba ya son a tayar. Yana cikin kwamiti, don mai kofi uku ba a barin sa a waje. Ya kawo shawara cewa tunda taro ya girma, har 'yan jarida suna zuwa, ya kamata a tsaftace shi: motar da ba ta kai wani matsayi ba ta tsaya a wajen ƙofar masaƙa, ciki na motocin gasa ne. Bai ambaci sunan kowa ba. Babu buƙatar ya ambata. Mai tayoyi ya goyi baya, aka amince.

Asabar ɗin da ta biyo, mai gadi ya tare Gwangwani a ƙofa. Baba Ƙarami ya saurari bayani, ya ce to, ya ja baya ya ajiye ta a gindin wata bishiya a bakin titi. Malamar makaranta ta zo, ta ji abin da ya faru, ta ajiye tata kusa da shi ko da yake tata ta cancanci shiga. Tsohon direban asibiti ma haka. Mai shayi ya duba inda mutane suka fi yawa ya sauke teburinsa a can. Kafin azahar, cikin fili motoci goma sha biyu ne masu sheƙi da masu su, kowa yana tsaye kusa da tasa kamar masu jiran layin allura a asibiti. Dariya kuwa ta kan katanga take tsallakowa.

Babana ya jira ƙanensa ya zo ya yi masa faɗa. Ya shirya amsoshinsa tsaf, na ji shi yana bitar su a banɗaki. Baba Ƙarami bai zo da faɗa ba. Ranar Litinin ya shigo shago da kujerar direban Gwangwani a kafaɗa, ƙarfe ya huda soso ya fito.

"Yaya, taimaka min da wannan, tana cizo na. Kuma wallahi wajen nan ya fi, akwai inuwa. Duk wanda ya kawo shawarar nan Allah ya saka masa."

Ya sani sarai. Babana ma ya san ya sani. Ya karɓi kujerar bai ɗago kai ba, ya ɗinke ta da fata mafi kyau da ke shagon, irin ɗinkin da bai yi wa ko likita ba. Da ya dawo gida ya ce wa Mama, "Ko fushi ba zai yi da ni ba. Ban ma kai ya yi fushi da ni ba." An soke dokar bayan wata uku, ba tare da kowa ya ce a soke ba, mai gadi ne kawai ya daina tarewa.

Shekara huɗu da suka wuce Baba Ƙarami ya faɗi a filin koyarwa da rana tsaka, yana cikin yi wa wata ɗaliba bayanin giya. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Babana ya rufe shago sati uku, abin da bai yi ba ko da mahaifinsu ya rasu. Shi ke juya shi, shi ke yi masa aski, shi ke faɗa da ma'aikatan jinya a kan zanin gado da bai miƙe ba.

Bayan wata biyar, wata Juma'a, Baba Ƙarami ya nuna kalandar bango da hannun hagu, ya nuna makullin Gwangwani da ke rataye a ƙusa, ya nuna yayansa. Washegari ranar gasa ce. Babana ya riga ya goge koriyar motarsa, kofi na shida yake nema. Ya daɗe yana kallon makullin.

"Ni zan tuƙa wannan abin? A gaban mutane?"

Ya tuƙa ta. Na zauna a baya da keken guragu a but. Tun daga ƙofar masaƙa mutane suka yo kanmu, wasu suna tafi, malamar makaranta tana kuka. Aka zaunar da Baba Ƙarami a kekensa a gefen motar. Aka gaisa, aka yi addu'a, sai wuri ya yi shiru, don wanda ya saba cika shirun ba shi da baki. Wani baƙo da bai san komai ba ya nuna ƙofar baya ya ce, "Wannan fa, me ya same ta?"

Baba Ƙarami ya buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Ya juya ya kalli yayansa.

Babana ya gyara murya. "Wannan ta matar wani alƙali ce," ya ce, fuskarsa a ɗaure kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Ya ba da labarin daga farko har ƙarshe, kalma bayan kalma, har inda ƙanensa ke ɗan tsayawa kafin ya ambaci kankana. Shekara goma yana sauraro daga nesa da haushi, ashe ya haddace duka. Aka fashe da dariya, ɗaurewar fuskar tasa ma ta ƙara wa abin armashi. Aka nuna wata loɓawar, ya bayar. Aka nuna wata. Sama da awa ɗaya yana tsaye, har da gyara: wannan ba ranar Talata ba ce, Laraba ce. A can cikin fili aka ba wani matashi mai jar mota kofi, ba mu ma ji sanarwar ba.

Na ɗauka ranar ciwon ya warke. Muna shiga gida Mama ta tare shi da murna, ta ce ta ji labari, yau shi ne tauraro. Ya zauna ya cire takalmi a hankali.

"Ba ki ga idonsu ba," ya ce. "Ni nake magana, shi suke kallo. In sun yi dariya kafaɗarsa suke dafawa. Mutum ba baki ma ya fi ni."

Na so in ce ba haka ba ne, amma ina wurin, kuma haka ne.

Yanzu shekararsa sittin da bakwai. Idonsa ya rage, ya ƙara kwan fitila a kan keken ɗinki, amma bai yarda kowa ya taɓa masa layi biyun nan ba. Kakarmu ta rasu bara waccan. Baba Ƙarami yana takawa da sanda, magana ta ɗan dawo, gajeru-gajeru. Wata ɗaya su je da Gwangwani, wata ɗaya da koriyar, haka suka raba, ko da yake babana yana shimfiɗa tawul a kujera kafin ƙanensa ya zauna. Gasa kuwa bai daina shiga ba, ya zo na biyu sau biyu, kuma yana da magana a kan alƙalan.

Ranar Talata shi ke kai ƙanensa gashin ƙashi a asibiti. Can ma abin ya bi shi. Ma'aikatan wurin, daga mai shara har babbar likita, duk sun san Malam Birki, suna rige-rigen tura shi, wata har ruwan zafi take ajiye masa. Babana, da ke kawo shi kan lokaci ko minti ɗaya bai taɓa makara ba, "ɗan rakiya" suke ce masa. Makon jiya ya dawo yana ta faɗa a kan haka, yana cewa shekara huɗu ba wadda ta taɓa tambayar sana'arsa.

Mama ta gaji ta ce, "To Malam, ka huta mana. Ga 'ya'yansa nan manya, su riƙa kai shi. Asabar ɗin ma ba dole ba ce."

Ya dube ta kamar ta faɗi wani abin mamaki.

"In bar shi ya tafi shi kaɗai? To wa zai ga abin da suke yi masa?"

Ya tashi ya ɗauko rigar da zai sa ranar Talata mai zuwa, ya ce a goge masa ita da kyau, a kula da wuyan.